Kafin Ruwa Ya Cinye Hanya: Yadda Ake Fitar da Jama'a Lokacin Ambaliya

A ranar 29 ga Oktoban 2024, da ƙarfe 8:11 na dare, wayoyin mutanen lardin Valencia na ƙasar Sifaniya suka ɗauki ƙara a lokaci guda. Saƙon hukuma ne, tana gargaɗin a guji zirga-zirga. Da yawa sun karanta shi ne ruwa ya riga ya tare su a mota, ko a shago, ko a tsakiyar titi. Tun da sassafe hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗinta mafi tsanani, amma sai da aka shafe fiye da awa 12 kafin maganar ta isa aljihun mutane. Sama da mutum 220 suka rasu. A garin Paiporta, inda aka fi asarar rayuka, kusan ba a yi ruwan kirki ba ranar. A can tuddai aka tafka shi, ya biyo wani rafi da yawanci a bushe yake, ya iske mutane suna harkokinsu.

Duk wani tsarin kwashe jama'a tsere ne tsakanin lokaci biyu: lokacin da ruwa ya bari, da lokacin da ake buƙata kafin mutum na ƙarshe ya taka tudu. Na biyun ya fi yadda ake zato tsawo, domin ba tafiyar ce kaɗai ke cin sa ba. Sai masana sun gano cewa ruwa na tafe. Sai mai iko ya yarda ya sa hannu. Sai saƙo ya isa. Sai wanda ya ji ya gaskata, ya kira ɗan'uwansa ya tambaye shi ko shi ma ya ji, ya nemo yara, ya tattara takardu, ya kulle ƙofa. Bayan duk wannan ne ake fara tafiya. Na farkon kuma, wato lokacin da ruwa ya bari, ya fi yadda ake zato gajarta, saboda wani dalili da ake yawan mancewa da shi: ba sa'ad da ruwa ya shiga ɗaki wa'adin ke cika ba, sa'ad da ya yanke hanya ne. Sau da yawa gida yana nan a bushe, hanyar fita kuwa ta daɗe da nutsewa.

Saboda haka mai tsara hanyar tsira ba gajeriyar hanya yake nema ba. Yana bin kowace hanya ne yana neman wurin da ta fi yin ƙasa, don nan ne ajalinta. Titi mai tsawon kilomita 10 a kan tudu, in yana da kwalbati ɗaya a cikin kwari, to ƙarfinsa bai wuce na wannan kwalbatin ba. Mafi muni su ne titunan da ke bi ta ƙarƙashin gada ko ta cikin rami. A watan Yulin 2023, a Osong da ke Koriya ta Kudu, shingen kogi ya ɓalle, ruwa ya cika wata hanyar ƙarƙashin ƙasa cikin 'yan mintuna da motoci a ciki, har da bas. Mutum 14 suka mutu. An yi gargaɗin ambaliya sa'o'i kafin nan, ba wanda ya je ya tare bakin ramin. Shekara biyu kafin wannan, a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, ruwan sama mai yawan milimita 201.9 ya sauka cikin awa ɗaya, ya kwarara cikin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, nan ma mutum 14 suka rasu. A duka biyun, rufe hanya da wuri shi ne aikin ceton da aka rasa. Rabin tsara hanyar fita shi ne sanin hanyoyin da za a toshe, da wanda zai tsaya a bakinsu da shinge, da zurfin ruwan da in ya kai za a toshe ba tare da jiran umarni daga sama ba.

Mutane suna raina ruwa mai gudu, musamman in suna cikin mota. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa tan guda ne. Ruwa mai ƙarfi da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci har da manya. A Amurka, fiye da rabin waɗanda ambaliya ke nutsarwa a cikin mota take samun su. Direba yana kallon saman ruwan ne kawai, bai san ko kwaltar da ke ƙasa tana nan ko ta zaizaye ba, bai san ko murfin magudana ya tashi ba. A Valencia an tsinci gawawwaki da dama a garejin ƙasan benaye. Sun sauka ne don su fitar da motocinsu kafin ruwa ya lalata su.

Bayan zurfi sai faɗi. Hanya kamar mazurari take: komai faɗin bakinsa, abin da ƙaramin ramin ƙasa ya bari shi ke wucewa. Masu tsara fitar 'yan kallo daga filayen wasa suna lissafa cewa, a shimfiɗaɗɗen wuri, mutum kusan 80 ke iya wucewa ta faɗin mita ɗaya a cikin minti ɗaya, a kan matakala kuma adadin yana raguwa. Mu ɗauka unguwa ce mai mutum 20,000, mafitarta gada ɗaya mai faɗin mita uku. A takarda, mutum 240 ne a minti, wato awa ɗaya da minti 23 kowa ya haye. Amma wannan lissafin masu lafiya ne, hannu rabbana, da rana tsaka. Ka sa musu kaya a ka, da goyo, da tsoho mai sanda, da keken guragu, da duhu, da ruwan sama yana dukan fuska, sai gudun ya ragu da rabi, lokacin ya doshi awa uku. In kuma an bar motoci da babura suka cusa kai cikin masu tafiya a ƙasa, lissafin ya tashi daga aiki. Haka abin yake ga motoci: layi ɗaya na babban titi mota kusan 2,000 kawai yake ɗauka a awa ko da komai na tafiya daidai. Mota 100,000 a layi biyu, awa 25 ke nan, in babu wadda ta mutu a hanya.

Birnin Houston ya ɗanɗana wannan lissafin a watan Satumban 2005. Makonni uku da 'yan kwanaki bayan guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, aka ce ga wata mai suna Rita tana tafe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Sama da mutum miliyan biyu suka hau titi kusan a lokaci ɗaya, ciki har da ɗimbin waɗanda unguwanninsu ba sa cikin haɗari kuma ba a ce su fita ba. Tafiyar awa huɗu ta koma ta awa 20 ko fiye. Mai ya ƙare a motoci da gidajen mai, ga zafi mai tsanani. Wata bas ɗauke da tsofaffi daga gidan kula da su ta kama da wuta kusa da Dallas, 23 suka ƙone. Mutum kusan 100 suka rasu a sanadin gudun, guguwar kuma ta karkata gabas, ba ta daki birnin kai tsaye ba. An gudu ba a tsira ba.

Abin da aka koya daga nan shi ne fitar da mutane kashi-kashi. Ana raba gari shiyya-shiyya gwargwadon yadda ruwa zai fara isa, na bakin kogi da na kwari su fara tafiya, na tudu a roƙe su su zauna, domin kowace motarsu da ta hau titi ta ci gurbin wanda ruwa ke bi a baya. Akwai kuma dabarar juya hannun titi, a mayar da duka ɓangarorin babbar hanya su fuskanci waje. Tana ƙara yawan masu wucewa sosai, amma tana cin jami'ai masu yawa, don sai an tsare kowace mahaɗa, kuma dole a bar wata kafa da motocin asibiti da na agaji za su shigo. A Houston an makara wajen juyawar. A New Orleans kuwa dabarar ta yi aiki, kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna birnin sun fita kafin Katrina. Matsalar ita ce tsarin na masu mota ne. Dubun-dubatar mutanen da ba su da abin hawa, yawancinsu talakawa da tsofaffi da marasa lafiya, aka bari a baya, ga jerin motocin bas na makarantu a ajiye har ruwa ya shanye su. A ganina nan ne ake gane tsarin gaske da na ado: a tambayi mai shi sunayen waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu ba, da wanda zai je ya ɗauko kowannensu. A garin Sinzig na Jamus, a ambaliyar kwarin Ahr ta Yulin 2021 wadda ta kashe sama da mutum 130, masu naƙasa 12 sun nutse a gidan da ake kula da su, a hawan ƙasa, cikin dare.

Ba kullum ne fita ta fi zama ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar yanke hukunci. Da guguwar Harvey ta zo a 2017, magajin garin Houston na lokacin, Sylvester Turner, ya ƙi ba da umarnin kwashe birnin, yana tuna abin da ya faru a 2005. An soke shi ƙwarai. Amma manyan titunan da miliyoyin mutane za su cunkushe a kansu su ne suka koma koguna. Ambaliyar babban kogi tana ba da kwanaki, ana iya fita nesa cikin natsuwa. Ta kwari mai gangare ko ta fashewar madatsa mintuna take bayarwa, a nan kuwa abin yi shi ne hawa sama: bene mai ƙarfi mafi kusa, ko tudun da ƙafa za ta kai cikin minti goma. Shi ma hawan yana da sharaɗi. Ginin ya zama wanda zai jure bugun ruwa, kuma a sami kafar fita zuwa rufi, domin a New Orleans an sami waɗanda suka hau cikin silin, ruwa ya biyo su, babu ta inda za su ɓulla. Japan ta sake tsarin gargaɗinta bayan ambaliyar 2018, inda mutum 51 suka rasu a yankin Mabi na birnin Kurashiki, galibinsu tsofaffi, da yawa a hawan ƙasan gidajensu. Abin takaicin shi ne taswirar haɗari da hukuma ta raba tun da farko ta nuna kusan daidai inda ruwan ya kai. Daga 2019 sai suka koma mataki biyar: a na uku tsofaffi da masu rauni su tashi, a na huɗu kowa ya tashi, na biyar kuwa yana nufin lokacin tafiya ya wuce, kowa ya ceci ransa a inda yake.

Sai maganar taron jama'a, wadda a nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Hukumomi da yawa suna jinkirta gargaɗi wai kada mutane su firgita su tattake juna. Masana halayyar jama'a a lokacin bala'i, irin su Enrico Quarantelli wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin abin, sun nuna cewa irin wannan ruɗewar ba ta cika faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne akasinta: mutane suna jan ƙafa, suna jiran tabbaci, suna taimakon juna, suna komawa neman nasu. Turmutsitsi ba daga mugun hali yake tasowa ba, daga matsi ne. Mutum ɗaya ko biyu a fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi suna tafiya yadda suke so. In suka kai huɗu, tafiya ta zama jan ƙafa. Daga biyar zuwa shida, mutum ba shi ke da ikon jikinsa ba, taron ne ke kaɗa shi kamar igiyar ruwa, kuma mafi yawan masu mutuwa a tsaye suke mutuwa, ƙirji ya matse numfashi ya gagara. Na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, suna ganin an tsaya ne kawai, sai su ƙara turawa. Kowa na son ya riga wucewa, ƙofar ta cushe, adadin masu fita ya ragu. Sauri ya haifi nawa.

Gada ita ce wurin da duk waɗannan ke haɗuwa, ga ƙunci, ga rashin wurin kaucewa, ga ruwa a ƙasa. A Bagadaza, a Agustan 2005, jita-jitar cewa akwai ɗan ƙunar baƙin wake ta jawo mutuwar mutum kusan 1,000 a kan gadar A'imma. A Phnom Penh ta Kambodiya, a Nuwamban 2010, mutum 347 suka rasu a kan wata gada da ta fara lilo, aka ɗauka karyewa za ta yi. Ba ambaliya ce ta kawo waɗannan ba, amma duk wanda ya taɓa ganin gada cike da mutane kogi na dukan ƙafafunta ya san kalma ɗaya ta isa. Shi ya sa ba a kan gada ake sarrafa taro ba. Ana tare shi tun daga baya, a fili mai faɗi kuma mai tudu, a riƙa sakin mutane rukuni-rukuni daidai abin da gadar za ta ɗauka. Tafiya ta zama ta fuska ɗaya, don masu komowa ɗauko kaya su ne ke karya gudun taro. A can ƙetare kuma a tabbata ba a tsaya ba: teburin rajista ko motar rabon abinci da aka ajiye dab da sauka daga gada tana iya toshe ta fiye da ruwan kansa. Sai mai lasifika da ke faɗa wa na baya gaskiya a kai a kai, me ya sa aka tsaya, minti nawa ya rage, ina aka dosa. Mutum yana jure jira in ya san dalili. Kada kuma a raba iyali. Uwar da aka ɗora a kwale-kwale aka bar ɗanta a baya za ta dawo, ko da za ta keta taron duka. Shi kansa kwale-kwalen, a wurin lodi ake rasa shi: kowa ya dafe gefe ɗaya, ya kife a ruwan da bai kai ƙirji ba.

Me ke hana mutane tashi bayan sun ji? Ba taurin kai ba ne kawai, kodayake akwai shi. Wani dabbobinsa ne duk abin da ya mallaka. Wani yana tsoron ɓarayi. Wani an taɓa tayar da shi bara, ruwa bai zo ba. Wata kuma ba za ta kwana a zaure ɗaya da maza baƙi ba, babu makewayi na daban. Bangladesh ta ɗauki waɗannan dalilai da muhimmanci, sakamakon kuma a bayyane yake. Guguwa da tunkuɗowar teku sun kashe aƙalla mutum 300,000 a 1970, da kusan 138,000 a 1991, inda mata suka fi maza mutuwa nesa ba kusa ba. A 2007, guguwar Sidr mai ƙarfin gaske ta kashe 'yan dubbai. Abin da ya canja ba fasaha mai tsada ba ce. Dubban mafaka ne na kankare a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne, don haka kowane yaro ya san hanyarsu da ƙafarsa. Tuddai ne da aka tara da ƙasa don dabbobi. Sai 'yan sa-kai sama da 70,000, rabinsu mata, 'yan ƙauyukan da kansu, masu yawo da tuta da lasifikar hannu suna buga ƙofa. Maƙwabcin da ka sani in ya ce ka tashi, ya fi saƙon da bai san sunan unguwarka ba.

Shi ma saƙon yana da ƙa'ida. Ya faɗi wanda ke magana, da abin da ke tafe, da sunayen wuraren da zai shafa yadda mazauna ke kiransu, da abin da za a yi, da lokacin da za a gama yin sa. "A yi hattara" ba umarni ba ne. "Mazauna unguwa kaza su bi titi kaza zuwa makaranta kaza kafin ƙarfe shida, kada a bi ta ƙarƙashin gada" shi ne umarni. Kuma ya zo ta kafofi da yawa, rediyo da jiniya da waya da baki, domin lantarki da turakun sadarwa suna cikin abubuwan da ruwa ke fara kayarwa.

Komai kyan taswira, sai an sami wanda zai ce a tashi tun ƙasa na bushe, kuma wannan hukunci ne mai ɗaci. In ya kwashe mutane ruwa bai zo ba, za a zage shi. A farkon 1995 ƙasar Holan ta kwashe mutum 250,000 da dabbobinsu daga yankin koguna saboda tsoron karyewar shingaye, shingayen kuma suka riƙe. Ni ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, amma na san ba kowane mai mulki ke da zuciyar ɗaukar irin wannan zargi ba. Maganin shi ne a cire hukuncin daga hannun zuciya tun kafin ranar: a rubuta cewa in ma'aunin kogi ya kai lamba kaza, shiyya kaza ta tashi, ko shugaba yana ofis ko ba ya nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar 11 ga Maris 2011, bayan girgizar ƙasar da ta tayar da igiyar teku a Japan, malaman makarantar firamare ta Okawa sun tara yara a fili suna shawarar inda za a nufa. Takardar tsarinsu ba ta ambaci takamaiman wuri ba. Ga tudu nan a bayan makarantar, tafiyar 'yan mintuna. Sun shafe kusan minti 50 a tsaye, da suka tashi kuma sai suka nufi wani ɗan tudu kusa da gadar kogi, ta inda ruwan ke tahowa. Yara 74 da malamai 10 suka rasu. A wannan ranar, a garin Kamaishi da ke gaɓar tekun guda, ɗalibai kusan 3,000 sun tsira. Shekaru ana koya musu su gudu tudu da kansu ba tare da jiran kowa ba, kada kuma su amince cewa ruwa zai tsaya inda taswira ta ce. A wata unguwa ta garin, manyan suka kama hannun ƙanana suka ruga mafakar da aka tanada. Da suka ga dutsen bayanta yana zubowa sai suka bar ta suka ƙara gaba zuwa wuri mafi tsawo, ruwan kuma ya zo ya shanye mafakar farkon.